Ina yi wa jaririna tausa amma kuka sai ƙaruwa yake, ina na kuskure?

Sabuwar Uwa: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Haihuwata ta fari ce, maigida aikin dare yake, ni kaɗai nake kwana da yaro. Kullum yamma ta yi sai ya hau kuka yana banƙarewa yana naɗe ƙafafu. Yayata ta turo min bidiyon tausa, wai yana sa barci, na kalla ya fi sau goma, har na sayi man zaitun mai kyau. Da ya gama shan nono nake kwantar da shi in murza cikin. Kwana biyar ke nan, tumbiɗi ya ƙaru, ga ƙuraje ja a ƙirjinsa. Ku taimaka.

Anti Nas: Wa alaikumus salam. Ba ki faɗi satinsa nawa ba, ko cibiya ta warke. Amma kuskure biyu a fili suke. Ba a taɓa cikin jariri da ya ƙoshi, madarar kike turowa sama. Ki sa shi gyatsa, ki jira minti 45. Na biyu man zaitun: sinadarin oleic da ke cikinsa yana raunana saman fatar jariri, ta bushe ta yi ja. Kafin wata ɗaya ma ba a so a shafa kowane mai.

Sabuwar Uwa: Satinsa shida Anti, cibiya ta warke tuni. Amma fa man nan na asali ne, ba gauraye ba. Kuma bayan shan nono ne kaɗai yake yin shiru.

Anti Nas: Asalin nasa ne matsalar, ƙanwata. Ki ajiye shi har ƙurajen su baje. Ga yadda ake yi: ɗaki da ɗumi, ki cire zobe, ki yanke farce, ki murza tafukanki su yi ɗumi. Fara da ƙafa, daga cinya zuwa idon sawu, sau biyar kowace, sai tafin ƙafa da babban yatsanki. Ciki kuma ƙasa da haƙarƙari, ki zagaya yadda hannun agogo ke juyawa, don babban hanji daga damansa yake hawowa ya sauka ta hagu.  Sai ki haɗa gwiwoyinsa ki kai su ciki a hankali, ki ƙirga biyar, ki saki. Minti 10 ya isa. Maɗiga da ƙashin baya ba ruwanki da su. Kar hannun ya yi sanyi-sanyi kamar cakulkuli, wannan tayar da shi yake, kar kuma ki danna.

Maman 'Yan Biyu: Man kwakwa marar turare ya fi. Ki ɗiga kaɗan a hannunsa ki jira awa 24 ki gani. Abin da ke ba ni haushi masu bidiyon nan, a nuno yaro yana dariya, ba mai cewa in ya kau da kai ko ya dunƙule hannu ya sandare a tsaya. Ga masu shafa wa jinjiri man zafi mai kafur, wanda bai dace da ɗan ƙasa da shekara biyu ba.

Malam Mai Karatu: Ni dai a rage zuzutawa. Binciken da aka fi ambato kan tausar jarirai na wata masaniya Tiffany Field ne a Amurka, 1986, kuma kan bakwaini aka yi a asibiti: minti 15, sau uku a rana, kwana 10, ƙaruwar nauyinsu ta fi ta waɗanda ba a yi wa tausa ba da kashi 47 cikin 100. Ga lafiyayyen jariri hujjar ba ta kai haka ƙarfi ba. Kukan yamma yakan kai ƙololuwa a sati shida, ya lafa a wata uku zuwa huɗu, da tausa ko babu. Ribar da ta fi tabbata ita ce shaƙuwa, uwa ta fara gane alamun ɗanta. Ki miƙa wa babansa da safe ya yi, ke ki runtsa.

Anti Nas: Malam, iskar da ke fita ba sai an rubuta ta a takarda ba. Abin da ya fi muhimmanci: in zafin jikinsa ya kai digiri 38 a ma'aunin Celsius, ko aman ya zama kore, ko jini a kashi, ko ciki ya kumbura ya yi tauri, ko ya ƙi nono, babu zancen tausa, asibiti nan take. Ranar rigakafi ma kar a murza wurin allurar.

Maman 'Yan Biyu: Anti da bushasshen hannu ai gurzar fatar zai yi. Mai kaɗan dole ne.

Anti Nas: Ba a kan fatar da ta riga ta yi ƙuraje ba. Ta bi ta saman riga.

Sabuwar Uwa: Jikinsa ba zafi. Ƙurajen ina ga na zafi ne, ba man ba, don a ƙafa ma ina shafawa kuma ba su fito ba. Babansa kuwa da ya dawo barci yake. In na jira minti 45 yaron ya riga ya yi barci, in tashe shi ke nan?