Jirgi ne ko kumbo?

Baban Hanifa: Jama'a, tun jiya raina a ɓace yake. Na tara yarana in nuna musu Star Trek na asali, shirin talabijin na Amurka kan tafiya sararin samaniya, wanda aka yi daga 1966 zuwa 1969, sai ga wani jirgi a allo da ban sani ba. Ashe tun 2006 aka cire hotunan gaskiya na Enterprise, wato jirgin da ke cikin shirin, aka cusa zanen kwamfuta. Wancan na asali samfuri ne, da hannu aka ƙera shi, katako da roba, tsawonsa ƙafa 11, yana gidan tarihi na Smithsonian a Amurka tun 1974. Wallahi an ci amanar Matt Jefferies da ya zana jirgin nan.

Injiniya: Yaya, gyara kaɗan. Ba jirgi ba ne, kumbo ne. Duk abin da ya wuce iskar duniya kumbo ake ce masa. Wa ya taɓa jin an ce jirgin Apollo 11?

Baban Hanifa: Ina maganar ɓarna, kana maganar suna?

Maman Ummi: Injiniya, kumbo fa ƙwarya ce tun asali, shi ya sa ake cewa kamar kumbo kamar kayanta. Ya dace da Apollo, mutum uku a matse ba wurin miƙe ƙafa. Enterprise kuwa mutum 430 ke ciki, da kyaftin, da likita, da muƙamai irin na sojan ruwa. Gari guda za ka kira kumbo?

Injiniya: Hajiya, ke ma kin kawo mini hujja. Dubi gabansa, faffaɗa kamar faifai. Siffar ma ta kumbo ce.

Maman Ummi: To injinan nan biyu da ke baya fa? Jefferies ya yi aiki a jiragen yaƙi masu jefa bam a yaƙin duniya na biyu, shi ya sa ya nesanta injin da inda mutane suke, ya kuma manna masa lamba NCC-1701 kamar yadda ake yi wa jirgin sama. Mai jirgi ne ya zana jirgi.

Ɗan Autan Zaure: Ni dai jirgi ko kumbo, bai kama ƙafar na Star Wars ba.

Baban Hanifa: Kai yaro, Star Wars fim ne na 1977, mu talabijin muke magana. Lokacin da ake wannan aikin ko babanka bai yi aure ba.

Ɗan Autan Zaure: Kawu, me ya kawo babana ciki? A janye wannan maganar.

Malam Mai Hoto: Don Allah mu koma kan batu. Baban Hanifa, ka san ɓangaren hagu na wancan samfurin ba a gama shi ba? Ta nan wayoyin fitilunsa suke fitowa, don haka kusan kullum ta dama ake ɗaukarsa. In ana so ya fuskanci ɗaya gefen, sai a liƙa masa lambobi a juye, a juya fim ɗin. Kwamfuta ta warware wannan. Kuma faifan Blu-ray na ɗauke da tsoho da sabo, ka zaɓi wanda kake so.

Injiniya: Ka ga Malam ma bai ce jirgi ba, samfuri ya ce.

Malam Mai Hoto: Ban ce kumbo ba kuma. Kar ka sa mini magana a baki.

Maman Ummi: Injiniya kullum haka yake, wancan makon ma a kan tauraron ɗan'adam ya hana mu barci.

Injiniya: Kuma ni na yi gaskiya ran nan, a duba sama.

Ɗan Autan Zaure: Har yanzu Kawu bai janye ba.

Shugaban Zaure: Za mu rufe nan, dare ya yi. Abin da ya fito fili: mafi yawa sun tsaya a kan jirgi, kuma hujjar Hajiya Maman Ummi ta mutum 430 babu wanda ya iya ture ta. Injiniya ya kafe shi kaɗai kamar yadda ya saba. Ni ma tun ina yaro jirgi na sani. Maganar zanen kwamfuta mu bar ta sai wani jiƙon. Auta, ka yi haƙuri, babba ba ya janye wa yaro magana.