Ina so in kai iyalina su ga teku: Kwatano ko Lome?

Malamin lakwal daga Birni

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema wurin waɗanda suka san hanyar kudu.

Shekarata 11 ina koyar da labarin ƙasa a wata kwaleji nan cikin Damagaram. Duk shekara sai in zana taswirar Afirka ta Yamma a allo, in goga shuɗin alli a ƙasanta, in ce wa yara ga tekun Atlantika. Watan jiya wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Mushe, in ka tsaya a bakinsa kana hango wancan gefen?" Na ba ta amsar da ke cikin littafi, amma maganar ta tsaya mini a rai. Ruwa mafi girma da idona ya taɓa gani shi ne kogin Isa a Yamai, sai tafkin Gidimuni. Mu da muka tashi muna jiran ɗan garuwa a ƙofar gida, ta yaya zan kwatanta wa yaro ruwan da ba ya da iyaka?

Ina cikin wani adashi, kwasata ta faɗo ƙarshen watan Yuni. Na ƙudurta in bakansi ta zo in ɗauki uwargida da ɗanmu mai shekara 9 mu je mu gani da idonmu. Kwatano ta fi ko Lome? Wace hanya ake bi yanzu? A ina baƙo mai iyali zai sauka?

Tsohon direba daga Zango

Wa alaikumus salam. Malam, Allah ya cika maka wannan buri. Na fi shekara 20 ina ɗauko kaya daga por, wato tashar jiragen ruwa ta Kwatano, shinkafa da ƙarfen gini, har da motocin hannu. Kwatano nake ba ka shawara, don ita na sani kamar tafin hannuna.

Hanyarmu ta da ita ce Maraɗi, Ƙonni, Dogon Dutsi, Doso, ka karya kudu zuwa Gaya, ka haye gada ka faɗa Malanbil, sai Kandi, Paraku, har bakin ruwa. Ta haura kilomita 1,500. Amma tun juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 aka rufe gadar nan, zuwana na ƙarshe da kwale-kwale muka tsallake, kowa rungume da jakarsa. Da mace da yaro wannan ba abin wasa ba ne, saboda haka ka je tasha ka tambayi halin da ake ciki kafin ka yanki tikiti. Akwai kuma ta Kano: ka fita ta Matamai ko Magariya, ka kwana Kano, ka ɗauki babbar mota zuwa Ikko, daga can iyakar Seme ba nisa. Sai dai canjin naira da yawan tsayawa a hanya. Kowanenku ya riƙe takardunsa, kuma kada a manta da katin allurar shawara, har na yaron.

Da ka isa ka ce a kai ka Zongo. Akwai babban masallaci, Hausa za ka ji ko'ina, ba za ka rasa mai tuwo da mai shayi ba, kuma sefarka ta aljihu ita ake kashewa. 'Yan kabu-kabunsu ana ce musu zemijan, rigarsu rawaya. Ku yi ciniki kafin ka hau.

Abin da ya sa na tsaya na yi dogon rubutu shi ne wannan: kada ku shiga ruwan. Na taɓa zuwa da wani yaron motata, ɗan Mirriya, wanda ya iya iyo a tafki. Muna jiran a yi mana lodi sai muka je bakin teku shan iska. Ya naɗe wando ya shiga, ruwa iya gwiwa kawai. Igiyar ruwa ta zo ta buge shi, da za ta koma sai ta kwashe rairayin da ke ƙarƙashin ƙafarsa. Ina kallo ya zama ɗan ɗigo. Masunta ne Allah ya kawo suka jefa masa igiya. Ranar ko abinci ban iya ci ba, ina ta tunanin abin da zan faɗa wa uwarsa. Tekun wajen nan yana ja ta ƙasa, tun daga Ikko har Lome. Ka riƙe hannun ɗanka gam, ku tsaya inda kumfa kawai ke taɓa yatsu.

Hajiya mai atamfa, Garin Malam

Ƙanena, gaskiyar Alhaji ce a kan ruwa. Amma ni Lome na fi so. A Kwatano sai ka nemi tekun, a Lome kuwa kana fitowa daga babbar kasuwa ka tsallaka titi ga teku nan, ga itatuwan kwakwa jere, ga jiragen ruwa can nesa suna jiran layin shiga por. Da dare fitilunsu kamar wani gari a kan ruwa. Iyakar Gana ma, Aflawo, tana manne da garin. Tsakanin Kwatano da Lome bai wuce kilomita 150 ba, in aljihu ya yarda ku haɗa biyun. Ka gaya wa uwargida ta ɗauki tufafi marasa nauyi, don zufar can ba ta bushewa kamar tamu, wanki ma sai ya kwana bai bushe ba. Kuma ku jira Agusta, lokacin ruwan sama yana ɗagawa, gari ya yi sanyi.

Ɗalibi da ya yi karatu a Dakar

Malam, tunda tarihi da labarin ƙasa ne aikinka, in kun bi hanyar da Hajiya ta ce ku tsaya Wida, kilomita 40 yamma da Kwatano. Akwai hanyar da ake bi da bayi, kusan kilomita 4 daga cikin gari zuwa gaɓa, a ƙarshenta ƙofar da aka gina a 1995 don tunawa da waɗanda aka tafi da su ba su dawo ba. Sannan Ganbiye, a tafkin Nokuwe, ana shiga jirgi daga Kalabi: gidaje a kan turaku, kasuwa a cikin kwale-kwale. Yaronka ba zai manta ba.

In kuma wata rana Allah ya hore kuɗin jirgin sama, ka je tsibirin Gore. Minti 20 ne a jirgin ruwa daga Dakar, babu mota ko ɗaya a cikinsa, UNESCO ta sa shi a jerin wuraren tarihi tun 1978. A can makarantar William Ponty take lokacin da Bubu Hama da Diori Hamani suka yi karatun malanta. Na tsaya a gaban ginin ina tunanin yadda suka taso daga ƙasarmu a wancan zamani har tsakiyar teku.

Malamin lakwal daga Birni

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba Alhaji, na karanta wa uwargida labarin yaron motarka, ta ce ita za ta riƙe hannun yaron da kanta. Mun tsayar da Agusta: Kwatano, Wida, in guzuri ya kai mu ƙarasa Lome. Zan tafi da gora biyu in ciko ruwan in kawo aji, kowane yaro ya ɗanɗana gishirinsa, ita mai tambayar ta fara.

Baba, saura abu ɗaya. In ta Kano muka bi, a nan Kasuwar Dole ya fi in canza naira ko in bari sai mun tsallaka iyaka?

Tsohon direba daga Zango

Canza kaɗan a nan, na mota da abinci har Ikko, sauran ka bar shi sefa a ɗinke cikin aljihun ciki. Gorar kuma ka ba wani masunci ya ciko maka, kada ka ce kai za ka shiga ɗiba.