Taƙaitawa: raguwar ƙwayoyin daskarar da jini bayan tiyatar zuciya

Ga abin da na tattaro daga tattaunawarmu kan heparin, maganin tsinka jini.

1. Kowa ya yarda cewa ƙwayoyin kan ragu a kwana 2 zuwa 3 na farko saboda injin da ke riƙe aikin zuciya da huhu lokacin tiyata, sannan su farfaɗo. Abin tsoro shi ne su sake faɗuwa da kusan rabi tsakanin kwana na 5 da na 10, domin hakan na iya zama illar heparin.

2. Haɗarin a nan daskarewar jini ne a jijiya, fiye da zubarsa. Wannan ne, a ganina, ya fi wuyar fahimta ga 'yan jinya: alamarsa ita ce ƙafa ta kumbura, ko yatsu su yi sanyi su sauya launi.

3. Da zarar an yi zargin heparin ne ya jawo faɗuwar, likita zai dakatar da heparin gaba ɗaya, har wanda ake wanke bututun ƙarin ruwa da shi, ya koma wasu magungunan tsinka jini, argatroban ko bivalirudin. Warfarin kuwa, maganin tsinka jini da ake sha, sai ƙwayoyin jinin sun dawo.

4. An rabu kan mai wannan matsala da ke buƙatar tiyatar zuciya ta gaggawa. Wasu sun zaɓi bivalirudin, wasu kuma sun ce a tace ruwan jinin majinyacin, a yi amfani da heparin lokacin aikin kaɗai.