Troubleshooting: "gyara" ne ko "bin sawu"?

1/ Jama'a, ku zo mu raɗa wa troubleshooting, wato neman inda matsalar na'ura take, suna da Hausa. Wani yaro da ke koyon aiki a wurinmu ya tambaye ni jiya, na ce masa "gyara". Da na kwanta sai na ga ban kyauta masa ba.

2/ Ga dalilina. Kwanakin baya an canza wa wata uwar garke (server, babbar kwamfuta mai yi wa sauran hidima) katin HBA, wato katin da ke haɗa ta da rumbun ajiya ta igiyar fiba. Aka kunna ta, ta tashi lafiya lau, amma ko faifai ɗaya na rumbun ba ta gani. Fitilar kati kore. Muka zare igiyar, muka goge bakinta saboda ƙura, muka mayar. Shiru. Muka duba ƙarfin haske a SFP, ɗan abin da ake soka igiyar fiba a ciki, lafiyarsa ƙalau. Muka shiga swic, na'urar da ke tsakanin uwar garke da rumbu, ga sabon katin nan ya yi sallama an amsa masa.

Ashe suna ne. Kowace kafa ta irin wannan kati na Fibre Channel tana da lambarta mai alamomi 16, ana ce mata WWN, kuma swic tamkar maigadi ne da takardar sunaye a hannu: wanda ba ya ciki ba ya wucewa. Sunan tsohon kati ne a takardar. Kuma ƙofa biyu ce, domin shi ma rumbun yana da nasa jerin waɗanda yake nuna wa faifai. Canza sunan a wuraren biyu bai kai minti 5 ba. Nemansa kuwa ya ci mana kusan awa 3.

To wanne ne aikin, minti 5 ko awa 3? "Gyara" minti 5 ɗin kawai ya ɗauka.

3/ An kawo "warware matsala". Ta yi faɗi. Da ita ake sasanta miji da mata, da ita ake janye yajin aiki.

Wani ya ce "harbin matsala", wato fassarar Turancin kalma da kalma, na san tsokana yake yi. Su ma Turawan masu bin layukan tarho da na telegiraf suka fara kira "troubleshooter", sama da shekara 100 da suka wuce, mutanen da ke bin waya turke-turke har su ga inda ta tsinke. Babu bindiga a zancen.

"Gano bakin zare" tana da daɗi, sai dai ƙarshen aikin take faɗa. "Bin diddigi" ta kusa, amma 'yan jarida sun riga mu, kana faɗa sai a ɗauka wani za a tona wa asiri.

4/ Ni dai "bin sawu" na zaɓa. Wanda akuyarsa ta ɓata daga turke yake farawa, ya bi sawu har inda ya ɗauke. Haka muke yi: kati, igiya, swic, rumbu.

Ku gwada ta a iSCSI, wani salon haɗa uwar garke da rumbu mai bin hanyar sadarwa ta yau da kullum ta kafa 3260. Ping, ɗan saƙon gwajin haɗi, yana zuwa yana dawowa, amma da an fara kwafar manyan fayiloli sai komai ya cije. Ka bi sawu, ka tarar uwar garke da rumbu suna kan MTU (iyakar girman ƙunshin bayani) 9000, wani swic a tsakiya an bar shi a 1500. Lungu ne da babur ke wucewa, motar kaya ta maƙale.

5/ Kalmar kuma tana juyuwa a baki: na bi sawu, ana bin sawu, mai bin sawun matsala. Abin da ke biyo baya sai mu ce "maido da haɗi".

Yaron ya rubuta a rahotonsa na yau: "Haɗin rumbu ya yanke da ƙarfe 10, mun bi sawu, ya ɗauke a swic na biyu, an maido da haɗi 10:40." Ogammu ya karanta bai tambayi ma'ana ba. Mai wadda ta fi wannan ya ajiye ta a ƙasa.