Kamfani zai tallafa wa ƙungiyoyin agaji a lokacin bukukuwa: kuɗi ko kaya?

Sabon Shiga

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema daga waɗanda suka san kan harkar. Ƙaramin kamfani ne na kayan masarufi mai ma'aikata 15, ana so bana a taimaka wa ƙungiyoyin agaji na kusa a lokacin bukukuwan ƙarshen shekara. Ra'ayi ya rabu uku. Wasu sun ce a ajiye akwati a bakin ƙofa kwastomomi su riƙa zuba kaya, wasu sun ce a sanar cewa wani kaso na cinikin watan zai tafi ga mabuƙata, wasu kuma sun ce a ɗauki kuɗi kawai a miƙa. Saura mako 8. Wanne ya fi kai wa ga masu buƙata, kuma a ina aka fi yin tuntuɓe?

Tsohon Akanta

Wa alaikumus salam. Zan tsaya a kan hanya ta biyu, don ita ce ta fi daɗin faɗa, ita ce kuma ta fi jefa kamfani cikin kunya.

Kalmar "wani kaso" ɗin nan, ku cire ta gaba ɗaya. Kason me? Na ciniki ko na riba? Ga lissafi. A ce cinikin watan 1,000,000 ne, a kowane irin kuɗi, ribar da ta rage bayan haya da albashi da wuta kuma kashi 8 cikin 100, wato 80,000. In kun yi alkawarin kashi 5 na ciniki, 50,000 ke nan, ya haura rabin ribar watan. In kashi 5 na riba ne, 4,000 kacal. Kwastoman da ya karanta "kashi 5" na farkon zai ɗauka, mai kamfani kuwa sau da yawa na biyun yake nufi. Daga nan ake fara cewa an yaudari jama'a.

Abin da ya fi tsafta shi ne a ɗaura alkawarin a kan abin da kowa zai iya ƙirgawa: a kan kowane kwali na kaya kaza da aka saya daga ranar kaza zuwa ranar kaza, kuɗi kaza zai tafi ga ƙungiya kaza. Haka kamfanin katin biyan kuɗi na American Express ya yi a 1983 lokacin gyaran Mutum-mutumin 'Yanci na New York: santi ɗaya (ɗaya cikin ɗari na dala) duk sanda aka biya da katinsa, dala ɗaya kan kowane sabon kati, aka tara kimanin dala miliyan 1.7. Mai riƙe da katin ya san abin da sayayyarsa ta haifar ba sai ya tambayi kowa ba.

Ku sa wa alkawarin ƙasa da sama. Ƙasa shi ne abin da za ku bayar ko kasuwa ta yi sanyi, don ƙungiyar ta san abin da za ta tsara a kai. Sama shi ne iyakar da ba za ku wuce ba. In akwai iyaka, a rubuta ta a jikin sanarwar, kuma ranar da aka kai ta a sauke sanarwar. Ci gaba da sayar da kaya da sunan taimako bayan an cika adadi cin amana ne.

Kada ku sa suna ko tambarin ƙungiya a tallanku sai da yarjejeniya a rubuce, ko da shafi ɗaya ne: adadi, ranakun farawa da rufewa, ranar biya, da wanda zai duba lissafi. A Ingila dokar ƙungiyoyin agaji ta 1992 ta wajabta irin wannan yarjejeniya tare da bayyana wa mai saye nawa zai isa ga ƙungiyar, jihohi da dama a Amurka ma suna da dokoki makamantan haka. Ku tambayi hukumar da ke rajistar ƙungiyoyi a inda kuke.

Sai batun littafi. Kuɗin da kwastoma ya jefa a asusu ba na kamfani ba ne, amana ce. Kada ya shiga cikin ciniki, kada kuma a nemi rangwamen haraji da shi. A buɗe masa shafinsa daban, asusun ya kasance a kulle, mutum biyu su ƙirga su sa hannu duk lokacin da aka buɗe.

Hajiya Ma'aji

Baba Akanta ya gama da lissafi. Ni gyarana a kan tambayar ce kanta, ɗana. Kun zauna kuna zaɓa tsakanin hanya uku, alhali ba ku tambayi waɗanda za a bai wa ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A wannan makon ku je wurin ƙungiyar da ƙafarku, ku tambaye su: me ya fi ƙare muku da wuri? Mutum nawa kuke kula da su, kuma shekarunsu nawa? Kuna da wurin ajiya? Wace rana kuke rabo? Me ba ku so a kawo muku? Ta ƙarshen nan kada ku tsallake ta, don ƙungiyoyi na jin nauyin ƙin kyauta, sai su karɓi abin da zai zame musu kaya.

A ganina kuɗi ya fi, kuma kuɗin da ba a ɗaure shi da sharaɗi ba. In kuka ce "na kayan wasan yara ne kawai", to ko rufin ɗakin kwanan yaran na zuba ba su da ikon taɓa kuɗin, haka ƙa'idar amana take. Hayar ofis, man mota, kuɗin wuta, albashin mai dafa abinci, babu mai son ɗaukar hoto da su, amma in babu su babu rabo.

Abu na biyu, lokaci. Kowa a ƙarshen shekara yake tunawa da mabuƙata, sito ya cika har a rasa wurin taka ƙafa, wata biyu bayan nan kuma shiru. Ku raba abin da kuka ware gida biyu, rabi kafin biki, rabi a wata na biyu ko na uku na sabuwar shekara, ku faɗa musu ranar tun yanzu.

Ƙungiya ɗaya ko biyu ta ishe ku. In aka yayyafa ɗan abin da ake da shi ga guda goma, kowacce abin da za ta samu ba zai biya wahalar rubuta rasit da rahoto ba. Kafin ku saki kuɗi ku ga takardar rajista, ku ga rahoton kuɗin bara, kuma asusun banki ya kasance da sunan ƙungiyar. In aka ce a tura ta asusun shugaba "don ya fi sauri", ku dakata.

Ina roƙonku a kan hoto. Kada a jera yara ko marasa lafiya riƙe da leda mai tambarin kamfani. Ku ɗauki ma'aikatanku suna loda mota, ya wadatar. Wanda ya karɓa yana da maƙwabta da abokan makaranta, hoton kuma ba ya gogewa daga intanet.

Mai Sito

Hajiya, a gafarce ni, a nan zan ɗan saɓa. Ga kamfanin da ba ya sayar da kaya, kuɗi ya fi, ba musu. Amma wannan kamfanin kayan masarufi ne, a farashin sari yake saye. Abin da zai ba da na kaya da kuɗinsa zai iya fin abin da ƙungiyar za ta sayo da kuɗin nan a farashin ɗai-ɗai. Sharaɗin dai shi ne ƙungiyar ce za ta rubuta jerin kayan, ba a kwashe abin da ya ƙi sayuwa a kai musu ba.

Akwatin bakin ƙofa kuwa, in aka rubuta "ku taimaka da abin da ya sauwaƙa", abin da za a tarar a ciki rabinsa na zubarwa ne. A liƙa jerin abu 5 ko 6 da girmansu, a canza jerin duk mako gwargwadon abin da ya yi ƙaranci. A kwashe akwatin kullum da yamma.

Wajen tantancewa a lura da kwanan wata, iri biyu ne: akwai mai nuna lokacin da kaya ya fi inganci, akwai mai nuna ranar da ba a ci bayanta. Na biyun ba a wasa da shi. Ni shawarata kada a karɓi abin da ya rage masa ƙasa da wata 3, saboda kafin ya bar sito ya isa gida an ci makonni. Gwangwanin da ya kumbura, ko ya yi tsatsa, ko ya lotsa a bakin murfi, a fitar da shi. Haka duk abin da aka buɗe ko aka cire masa takarda. A rubuta ranar ƙarewa da babban alƙalami a gefen kowane kwali, mai kusa da ƙarewa shi ne a gaba.

Sabulu, omo da turare kada su haɗa kwali da abinci, busasshen abinci yana jan ƙamshi, in ya ja kuma ba mai ci. Kwali kada ya wuce kilo 15, don yawancin masu aikin sa kai ba 'yan dako ba ne. A ɗora kaya a kan katako, a bar tazara tsakaninsu da bango saboda laima da ɓeraye.

Abu biyu kada ku tara ko an kawo. Magani: ƙa'idojin Hukumar Lafiya ta Duniya kan kyautar magunguna, waɗanda aka fara fitarwa a 1996, sun hana ba da maganin da ya dawo daga hannun marasa lafiya. Sai madarar jarirai ta gwangwani, wadda ke da nata ƙa'idojin duniya tun 1981. Rabonta barkatai na sa uwa ta rage shayarwa, gwangwani ya ƙare, nono kuma ya ja baya. Wannan aikin ma'aikatan lafiya ne. Kayan wasa kuma a rubuta shekarun da suka dace a jiki, a ware masu ƙananan ɓangarori daga 'yan ƙasa da shekara 3, a duba cewa murfin ƙaramin batir mai kama da maɓalli a ɗaure yake da ƙusa, don haɗiye batirin na ƙona maƙogwaro cikin sa'o'i kaɗan.

Ku rufe karɓa kwana 10 kafin ranar rabo. Kayan da ya iso ana gobe biki ba wanda zai tantance shi.

Sabon Shiga

Allah ya saka da alheri, na ga inda muka yi gaggawa. Sauran tambaya ɗaya: in aka ce kamfani zai ninka duk abin da kwastomomi suka bayar, yaya za a yi kada abin ya fi ƙarfinsa? Ma'aikata kuma suna son zuwa su taya aiki.

Tsohon Akanta

Ninkawa na ƙarfafa mutane su bayar, amma da iyaka a rubuce: "za mu ninka har zuwa 30,000", misali. Ku ware wannan adadi tun yau kamar an riga an kashe shi. In a wurin biya za a riƙa tambayar kwastoma ko zai bar canji, mai karɓar kuɗi ya tambaya sau ɗaya, a'a ta wadatar, kuma abin ya fito a layinsa daban a jikin rasit. Kada a sa wa ma'aikata gasar wanda ya fi tarawa, takura wa mutane take jawowa.

Hajiya Ma'aji

Malam Mai Sito, na karɓi gyaran, muddin jerin daga ƙungiyar ya fito. Batun ma'aikata, ɗana, kada mutum 15 su dira rana ɗaya. Wanda ya kamata ya yi rabo shi zai koma yi musu jagora. Ku tura uku-uku, awa 3 ko 4, a ranakun da ƙungiyar ta zaɓa, a lokacin aiki kuma ba tare da an yanke musu albashi ba. Motar kamfani da direba na kwana biyu, ko akantanku ya zauna ya daidaita musu littafi kafin binciken shekara, sau da yawa ya fi hannu goma a wurin ɗaure kwali. Inda yara suke kuwa a bi dokar gidan, baƙo ba ya keɓewa da yaro.

Makonni 8 ɗin ku kasa su haka: na farko ziyara da duba takardu, na biyu yarjejeniya da jerin kaya, huɗu na tarawa, sauran na tantancewa da kaiwa. Kuɗin ya shiga asusunsu cikin kwana 14 da rufewa, ku karɓi rasit, sannan ku liƙa a daidai inda sanarwar farko ta tsaya: abin da kwastomomi suka bayar, abin da kamfani ya ƙara, ranar da aka biya, da ranar da rabi na biyu zai fita.