Masu buga ja zalla a Magic: kan halitta kuke jefa wuta ko kan rai?

Sabon Hannu

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wata biyu ke nan da na fara buga wasan kati na Magic: The Gathering a manhajarsa ta Arena a waya, kuma ja zalla (katunan jan launi kaɗai) na zaɓa saboda daminsa, wato tarin katunan da ake wasa da su, bai da wuyar haɗawa, wasa ma ba ya daɗewa. Abu ɗaya ne yake ci min tuwo a ƙwarya. Ina sauke abokin karawa daga rai 20 zuwa 4 ko 5, sai hannuna ya ƙare ƙaf, shi kuma ya ajiye wata ƙatuwar halitta, daga nan sai kallo. Jiya sau uku a jere haka ta faru. Don Allah wanda ya daɗe da wannan launi ya ba ni labarin abin da ya same shi a wasa. Musamman ina so in ji: katunan wutar nan, Shock mai cin 2 da Lightning Strike mai cin 3, kan halittarsa kuke jefawa ko kan ransa kai tsaye?

Mai Tsauni Ashirin

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Akwai wasa ɗaya da ya canza min hannu, har yau ina tuna allon. Yana da rai 8 da halitta guda mai ƙwari 2 (bugun 2 na kashe ta) a tsaye. Ni ina da Monastery Swiftspear, da wata mai bugun 2, ƙasa uku (katunan da ke ba da mana, wato kuɗin buga kati), sannan Shock da Lightning Strike a hannu. Zuciyata ta ce in zuba masa duka a rai, na zuba, 5 suka tafi. Swiftspear, halitta mai bugun 1 da ke ƙaruwa da 1 duk lokacin da na jefa katin da ba halitta ba, ta ƙaru sau biyu ta zama mai bugun 3, amma ya tare ta da halittar nan tasa, sai 2 kawai suka wuce. Jimilla 7. Ya tsira da rai 1, zagaye na gaba ya fara ƙara rai, wasa ya kuɓuce min.

Bayan an gama na zauna na sake lissafi. Da Shock ɗin na kashe mai tarewar, na jefa Strike a ransa, da 3 na wuta da 3 na Swiftspear da 2 na ɗayar sun zama 8 cif. Katunan cin wasa suna hannuna, lissafin ne ban yi ba.

Tun daga ranar, kafin in taɓa kati a kowane zagaye nakan tambayi kaina: nawa zan iya yi masa yanzu ta kowace hanya, kuma zagaye nawa suka rage kafin ya fi ƙarfina? Halitta tana bugu kowane zagaye, wuta kuwa sau ɗaya take ci ta mutu. Saboda haka muddin ina da halittu masu wucewa, wutata tana share musu hanya. Idan allo ya toshe, babu sauran hanyar wucewa, to daga lokacin ba na ɓata ko Shock ɗaya a kan halitta, ina tara su har su isa.

'Yar Goblin

Yaya Mai Tsauni ya faɗi gaskiya, amma ni ina ganin ciwon Sabon Hannu yana wani wuri. Ka ce hannunka yana ƙarewa. Ni ma haka nake a da, duk abin da na jawo sai na ajiye shi. Wata rana ina karawa da mai buga fari da shuɗi, zagaye na uku ina da halittu huɗu a allo, duk masu mana 1 ko 2. Ya ajiye Temporary Lockdown da mana 3, ta kwashe su gaba ɗaya, domin duk abin da bai wuce mana 2 ba tana ɗauke shi in ba ƙasa ba ce. Kati ɗaya nasa ya cinye huɗu nawa. Na ji zafin wannan ƙwarai.

Yanzu idan na ga fari a ƙasarsa kuma bai ajiye halitta ba a zagaye biyun farko, na san sharar allo yake jira. Halitta biyu nake sawa, in riƙe ta uku, musamman mai kai hari nan take, don in ya share in sake dukansa a zagayen da ke biye. Sannan na sa Mishra's Foundry a damina. Ƙasa ce, sai ka biya mana 2 ta zama halitta 2/2 (bugu 2, ƙwari 2) na zagaye ɗaya, don haka sharar da yake yi a zagayensa ba ta same ta. Wasanni da dama ita ta ƙarasa min rai 4 na ƙarshen nan da kake magana.

Mai Tsauni Ashirin

Ƙanwata, riƙewar nan tana da iyaka fa. Na taɓa riƙe halitta biyu ina tsoron shara, ashe babu ita a hannunsa, na ba shi zagaye biyu kyauta har ya kai mana 6. In abin da ke allo ba zai kashe shi cikin zagaye biyu ko uku ba, gara ka ƙara.

'Yar Goblin

Na yarda. Ma'aunina shi ne: idan ƙarin halittar zai rage zagaye ɗaya daga ranar mutuwarsa, ina ajiyewa. Idan ba zai rage ba, tana hannuna.

Tsohon Ɗan Kati

Ni da katin takarda na fara, tun kafin Arena. Wannan salon da kuke bugawa yana da tarihi. Wasan kansa ya fito a 1993, Richard Garfield ne ya ƙirƙire shi, kuma a 1996 aka san damin da ake kira Sligh, wanda Jay Schneider ya tsara, Paul Sligh ya buga. Katunan cikinsa ba su da wani kwarjini. Abin da ya sa ya ci shi ne tsarin mana: akwai abin yi a zagaye na 1, da na 2, da na 3, ba a barin mana ko ɗaya ya kwana. Har yau a kan wannan ja yake tsaye.

To, yarona Sabon Hannu, buɗe daminka ka ƙirga. Kati 60 ne, kar ka wuce. Ƙasa 20 zuwa 22 nake sawa. Masu mana 1 su fi yawa, masu mana 4 kaɗan, sama da haka kusan babu. Na taɓa cusa dodanni masu mana 5 da 6 don ina sha'awar hotonsu, suka yi ta zama a hannuna ina mutuwa da su.

Sai batun hannun farko, wanda nake ganin a nan sababbi suka fi faɗuwa. Hannun da ba shi da abin yi sai zagaye na uku, ko da ƙasarsa ta yi daidai, ni mayar da shi nake yi. Tun 2019 dokar ta sauƙaƙa: ka jawo bakwai sabo, ka zaɓi ɗaya ka tura ƙarƙashin dami. Kati shida masu gudu sun fi bakwai masu nauyi. Hannu mai ƙasa ɗaya kuwa ya cuce ni fiye da yadda zan ƙirga, musamman in ni ne zan fara, tunda mai farawa ba ya jan kati a zagayen farko.

Af, wani abu. A Arena, wasan ci ɗaya yana ɗan daidaita maka yawan ƙasa a hannun farko, amma wasan cin biyu cikin uku ba ya yi. Ranar da na koma na cin biyu cikin ukun da damin da na saba da shi, nan take na ji ƙarancin ƙasa, sai da na ƙara ɗaya.

Mai Baƙi da Shuɗi

Ni ba ja nake bugawa ba, ni ne wanda kuke fafatawa da shi, bari in gaya muku abin da nake ji daga wancan gefen. Ɗan ja da ya zubar da wutarsa a raina tun zagaye na biyu, hankalina kwance yake da shi, don na san hannunsa ya bushe. Wanda yake tayar min da hankali shi ne wanda ya kai ni rai 6, ya bar ƙasa uku a buɗe da kati biyu a hannu. Dole in lissafa Strike da Shock a kowane motsi, ba na iya kai hari, ba na iya biyan rai don wani kati. Sau da yawa ma daga baya na gane ƙasa ce kawai yake riƙe da ita. Don haka in kun kai ƙasa huɗu ko biyar kuma babu abin da za ku yi da ƙari, ku riƙe ta gaba a hannu, ban san mene ne ba.

Kuma ku jefa wutar ƙarshe a ƙarshen zagayena, lokacin da na kashe manata. Wanda ya jefa a nasa zagayen alhali ƙasashena suna buɗe, sau da yawa soke masa nake yi.

Ɗan Garwashi

Ƙatuwar halittar da Sabon Hannu ya ambata, ni tawa Sheoldred, the Apocalypse ce. Mana 4, 4/5, duk katin da mai ita ya ja ya ƙara rai 2, duk wanda na ja in rasa 2. Na yi makonni ina mutuwa a gabanta. Strike da Shock tare suna kashe ta, amma kati biyu ne a kan ɗaya, kuma 5 ne da ba su je ransa ba. Da Witchstalker Frenzy ta fito a 2023 na samu sauƙi: tana yin 5 ga halitta, kuma kuɗinta yana raguwa da mana ɗaya kan kowace halittar da ta kai hari a zagayen. Da uku a harin, mana 1 kawai.

Amma ban cika kashe Sheoldred ba in mai ita yana rai 5 ko ƙasa kuma ina da wuta. Zagaye ɗaya na jira daidai yake da Shock ɗaya ya tafi a banza, don haka a lokacin gaggawa ce magani.

Idan kuma ja ne da ja, komai ya juye. Ban taɓa cin wannan karon da jefa wuta a rai da wuri ba. Kashe duk abin da ya ajiye nake yi, wanda halittarsa ta rage a allo shi ke ci. Haka ma Llanowar Elves, halittar nan mai ba da ƙarin mana, a zagayen farko na mai kore, ba na tausaya mata, Shock take sha, in ba haka ba zagaye na biyu zai ajiye mai mana 3 in rasa hanya.

Sabon Hannu

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Baba Tsohon Ɗan Kati, na ƙirga: kati 64 ne a damina, ƙasa 25, da masu mana 5 guda shida. Na rage zuwa 60 da ƙasa 21. Na buga biyar a daren nan, na ci uku. A ɗaya na riƙe Swiftspear kamar yadda Yaya 'Yar Goblin ta ce, ya share allo yana rai 3, na ajiye ta, na jefa masa Shock a rai, ta buga 2, wasa ya ƙare. Biyun da na faɗi duk masu ƙara rai ne, fari zalla, wani har ya kai 31. Su kuma me kuke sawa a katunan ajiya goma sha biyar ɗin nan da ake musanyawa da na dami tsakanin wasa da wasa dominsu?