An yi mana aikin baya amma ciwo bai tafi ba: ya kuke fama?

Baban Mus'ab, Jidda:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina son jin ta bakin waɗanda aka yi wa tiyatar ƙashin baya, musamman mazauna nan Saudiyya. Ni direba ne, ina jigilar kaya tsakanin Jidda da Makka da Ɗa'if. Guringuntsin da ke tsakanin ƙashi na huɗu da na biyar na tsatso ne ya zame ya danne jijiya, wurin da likitoci ke rubutawa L4-L5. Kafin aiki, ciwon daga ɗuwawu yake tasowa ya bi ƙafa har babban yatsa. An cire abin da ya fito, ƙafa ta yi sauƙi sosai, alhamdu lillahi. Tsatson ne ya ƙi. Shekara ta zagayo, amma in na zauna a mota na hau hanyar Hada da kwane-kwanenta, kafin in kai sama sai in ji bayan ya ƙage, saukowa daga mota ma sai na dafa ƙofa. Likita ya duba hoto ya ce komai ya zauna daidai. Kafili kuma, wato ubangidan da nake aiki a ƙarƙashinsa, ya fara yi mini kallon mai son jiki. Akwai wanda ya shiga irin wannan?

Maman Rukayya, Makka:
Wa alaikumus salam. Sannu Baban Mus'ab, Allah ya ƙara sauƙi. Nawa ya fi naka nisa, don ni haɗe ƙasusuwa biyu aka yi da sukurori da sanduna na ƙarfe. An gaya mini ƙashi kan ɗauki wata 6 zuwa shekara kafin ya haɗe sosai, na yi haƙuri na jira. Ya haɗe, amma tsamin bai bar ni ba, musamman da asuba da kuma in na kwana da na'urar sanyaya ɗaki tana bugun bayana.

Abin da ya fi ci mini rai salla ce. Ni da nake tafiya Harami da ƙafa daga Shara Mansur, sai ga ni a kan kujera a ƙarshen sahu. Na daɗe ina tilasta wa kaina sujada a ƙasa, in idar in kasa miƙewa sai an kama ni. Wata malama da muke karatu a wurinta ce ta kawo mini hadisin Imrana ɗan Husaini da ke cikin Bukhari, inda Manzon Allah (SAW) ya ce masa ya yi salla a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kishingiɗe. Yanzu ina kabbara a tsaye, in yi karatu a tsaye, ruku'u da sujada in zauna in yi nuni. Ɗawafi a keken guragu nake yi, sa'ayi kuwa ko gwadawa ba na yi da ƙafa, don kai-komo bakwai tsakanin Safa da Marwa ya kai kilomita 3. Masu cewa "Hajiya ai an yi miki aiki, me ya rage kuma?" na daina ba su amsa. Murmushi kawai nake yi.

Ɗan Damagaram, Madina:
Ni maganar magani zan yi, don nan ne na ga ana halaka. Bayan nawa aikin an ɗora ni a kan Voltaren na ɗan lokaci, sai gwajin jini ya nuna ƙoda ta fara gajiya, likita ya tsayar da shi nan take. Ya ce irin waɗannan ƙwayoyi, har da Brufen, suna cin ciki suna taɓa ƙoda, balle ga mai aiki cikin zafin ƙasar nan wanda ba ya shan ruwa isasshe. Panadol ma da muke raina shi, babba ba ya wuce giram 4 a yini. Aka mai da ni kan Lyrica saboda zogin jijiya. Ya rage sukar da nake ji da dare, amma yana kawo jiri da barci, kuma ba a yanke shi rana ɗaya, a hankali ake ragewa. Malam direba, in an rubuta maka shi ka gaya wa likita sana'arka tun kafin ka karɓa.

Don Allah kada wanda ya aika gida a ba alhaji ko mai umara taramadol ya kawo masa. A nan taramadol da Lyrica duk magunguna ne da hukuma ke sa wa ido, ba a bayarwa sai da takardar likita, wanda aka kama da su ba takarda kuwa shari'ar ƙwaya za a yi masa. Ka jefa bawan Allah cikin bala'i ya zo ibada.

Mai Arabiya, Misfala:
Ku yi ƙaho. Ni turin keken alhazai ne ya kashe mini baya, aka yi aiki, ban ga daidai ba sai da na koma ƙaho duk wata. Sunna ce kuma.

Maman Rukayya, Makka:
Malam, ba wanda ya musa sunna ce. Na yi nima, jiki ya saki na kwana biyu, sannan ya koma yadda yake. Amma ban yarda a tsaga kan tabon aikin ba, ƙarfe ne a ƙarƙashi, in ƙwayar cuta ta shiga wurin ba ƙaramar magana ba ce. Mai shan maganin tsinka jini kuma ya tambayi likitansa tukuna.

Uwar Gida, Hindawiyya:
Ni ba mai ciwon ba ce, maigidana ne, amma ku bar ni in sa baki don masu jinya ma suna da nasu. Mutum ne mai fara'a da, yanzu yaro ya taɓa gadonsa da gudu sai faɗa. Ƙarfe uku na dare zan farka in tarar da shi tsaye ya jingina da bango, don kwanciya ta gagara, zama ya gagara. Ya daina zuwa ɗaurin aure saboda zaman ƙasa, abinci ma a tebur shi kaɗai yake ci muna kan tabarma. Da muka gaya wa likitar sashen kula da ciwo, ba ta ce raki ba ne. Ta ce rashin barci da damuwa suna ƙara wa ciwo ƙarfi, ciwon kuma ya ƙara hana barci, ta ba shi wani magani na dare. Matashin kai tsakanin gwiwoyi in ya kwanta ta gefe ma ya taimaka, mun kuma sa masa masai na zama maimakon tsugunno.

Abu ɗaya da ta ja mana kunne a kai: in fitsari ya ƙi fita ko yana zuba ba a sani ba, ko tsakanin cinyoyi ya mutu ba a jin taɓi, ko ƙafa ta saki farat ɗaya, ko zazzaɓi ya zo tare da ruwa daga tabon, ba a jiran gari ya waye. A kira 997 motar asibiti ta zo. Don tambaya ta yau da kullum akwai 937 na ma'aikatar lafiya.

Baba Alhaji, Riyad:
'Ya'yana sannunku. Ni sau biyu aka buɗe bayana, shi ya sa nake son in yi wa Baban Mus'ab magana a kan hoton da aka ce ya yi kyau. Likitanka bai yi ƙarya ba, kai ma ba ka yi ba. Hoto yana nuna ko akwai abin da ke danne jijiya, ba ya nuna abin da kake ji. Jijiyar da ta daɗe a danne takan ci gaba da kuka ko bayan an ɗage mata nauyin. Wani lokaci tabo ne na ciki ke kewaye ta. Wani lokaci kuma tun farko ciwon tsatson daga ƙananan gaɓoɓin baya ne ko nama, aikin guringuntsi kuwa an fi yin sa don ciwon ƙafa. Wanda aka haɗe wa ƙashi, gaɓar sama ko ta ƙasa ce ke ɗaukar wahalar, da shekaru ita ma takan gaji. Wannan ne ya kai ni aiki na biyu, kuma sauƙin da na samu bai kai na farko ba. Don haka in wani ya ce a sake yanka, nemi likita na biyu ya duba, ka tambaye su ƙarara: wane ciwo ne aikin zai cire, na ƙafa ko na baya?

Abin da ya riƙe ni shi ne gashi da tafiya. Mai gashin ƙashi ya koya mini motsa naman ciki da na ƙugu a kwance, ya kuma hana ni wata ɗabi'a: ranar da na ji daɗi in yi aikin mako guda, in kwanta kwana uku. Ya ce in tsaya tun ciwo bai tsayar da ni ba. Da zafi nakan shiga babban kanti mai sanyi bayan la'asar in yi ta zagaye, masu gadi har sun san ni. Allurar baya na yi, ta ba ni 'yan watanni na sarari, a ciki na samu na yi gashin da kyau. Mai shan taba ko shisha kuma ya sani tana hana ƙashi haɗewa.

Ɗan Damagaram, Madina:
Baba ya gama magana. Ƙari kawai a kan kafili: Baban Mus'ab, kada ka tsaya rantse-rantse, karɓo rahoton likita a rubuce da hatimi, wanda ya fayyace awa nawa za ka iya zama a mota da nauyin da ba za ka ɗaga ba. In kana da rajista a ta'minat, wato hukumar inshorar ma'aikata ta gwamnati, ɓangaren haɗarin aiki ya shafi baƙi ma, sai dai ana son a kai rahoton rauni da wuri. Duba takardar inshorarka kuma, don wasu suna ƙayyade yawan zaman gashi a shekara.

Mai Arabiya, Misfala:
To mu da ba mu da inshorar fa? Zaman gashi ɗaya ya cinye abin da na tura keke na samu a yini.

Baba Alhaji, Riyad:
Ɗana, biya na zama biyu ko uku, ka ce wa mai gashin gaskiya ba ka da halin dawowa, ya koya maka abin da za ka riƙa yi a gida, ka sa yaro ya ɗauka a waya. Turin keken kuwa, in ba yadda za ka yi ka bari, rage masu nauyi ka bar wa samari hawa gangare.